Ku taya ni raɗa wa shafina suna

Nura Gwammaja: Assalamu alaikum 'yan zaure, iyayena da yayyena, barkanmu da yamma. Wata bakwai ke nan ni da wani abokina muna haɗa shafi a intanet. Abin da za a riƙa samu a ciki shi ne sharhin fina-finan Hausa, musamman masu dogon zango, da jadawalin ranar da kowane shiri ke fita da tashar da ake nuna shi, da tarihin 'yan wasa da daraktoci. Akwai kuma ɗan gefe na fassarar Indiya da shirye-shiryen Turkiyya, don mata sun matsa mana lamba. Komai ya kammala, har launi mun zaɓa. Suna ne ya gagare mu. Mun yi ta ja-in-ja har muka tsaya a kan ArewaKannyFlix TV, amma duk wanda na faɗa wa sai ya ce “me ka ce?” Don Allah a taimaka da shawara, ko a gyara wannan ko a kawo wani.

KB Yaro: Oga turo linkin, akwai sabon fim a ciki?

Nura Gwammaja: KB, ba a buɗe ba tukuna. Kuma ba fim za mu riƙa sawa ba, magana a kan fim ce.

Anti Sadiya (admin): Wa alaikumus salam Nura. Allah ya sanya albarka. Amma tsakani da Allah wannan sunan naka kamar mutum ya sa malum-malum, ya ɗora kwat a kai, ya kawo hular sanyi ya kafa. Na karanta sau uku kafin harshena ya iya juya shi.

Injiniya Bash: Anti kin riga ni. Nura, ƙirga haruffan da kanka: arewakannyflixtv, sha shida ne. Dandalin X ba ya karɓar sunan da ya wuce harafi sha biyar. Ka ga tun ba a je ko'ina ba sai ka gutsure masa wutsiya a can, ya zama sunanka na X daban, na shafi daban. Na biyu kuma, tambayar da KB ya yi maka yanzu ita ce amsar matsalarka. Duk inda mutum ya ga “flix” kallo yake tsammani. Zai shigo da yunwar fim, ya tarar da rubutu, ya zage ka a ransa ya fita, ba kuma zai dawo ba.

Khalifa: Ni dai ban ga laifin sunan ba. A cire TV ɗin kawai. Zamani ya canza, matasa sunan Turanci suke so, shi ne yake nuna abin na wayayyu ne. Ga Northflix nan, ga Arewa24 da ta fara tun 2014, wa ya ce sunansu ya hana su tafiya? In ka sa sunan Hausa zalla kamfanonin Legas za su ɗauka wani ɗan shafin unguwa ne, ba za su ba ka talla ba.

Malama Hauwa Zariya: Khalifa ɗana, zan ɗan ja da kai. Kamfanin Legas ba suna yake saya ba, yawan masu shigowa yake saya. Kuma su kansu mutanen Legas ɗin, lokacin da Jason Njoku ya buɗe nasa dandalin a 2011, me ya sa masa? iROKOtv. Sunan bishiya ne, wadda muke kira loko. Bai ji kunyar sunan itacen dajinsu ba, Turawa kuma suka koyi faɗinsa har suka zuba masa jari. Hulu ta Amurka ma kalmar Sinanci ce, ma'anarta duma, irin wanda ake fafe gora da shi. Su sun je har Sin sun aro sunan gora, mu da muke da gorar a rataye a ɗaki muna gudun ta.

Khalifa: Malama ai iROKO ɗin ma da TV a ƙarshensa.

Malama Hauwa Zariya: Harafi biyu. Na Nura kuwa kalma huɗu ce, uku a ciki aro.

Injiniya Bash: Khalifa yana da gaskiya ta wani gefen, kada mu danne masa. Sunan Turanci ko gauraye yana iya tafiya. Amma a duba wa ke ɗauke da shi. Tashar talabijin tana maimaita sunanta a kunnenka dare da rana, ko da sunan bai da daɗi sai ya zauna maka. Nura ba shi da tauraron ɗan Adam, ba shi da allon talla a kan titin Zoo Road. Jarinsa bakin mutane ne. Wata za ta ce wa ƙawarta a saƙon murya “je ki shafin kaza ki ga abin da suka rubuta a kan shirin jiya”. In ƙawar ta kasa rubuta kazan nan daidai a karon farko, shi ke nan an yi asarar ta. To “flix” nawa za a rubuta? Wani fliks, wani filis, wani plix, don mu f da p duk ɗaya ne a bakinmu. Kanny kuma wani n ɗaya zai sa, wani ya ƙare da i.

Sagir Mai Caji: Wallahi Injiniya ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Shekara shida ina tura wa mutane fim a waya a rumfata. Ba wanda ya taɓa zuwa ya faɗi dogon suna cikakke. “Sa min na yarinyar nan mai kuka.” “Sa min ci gaban na jiya.” In sunan shiri kalma ɗaya ce ko biyu gajeru, har tsofaffi suna riƙe shi. In ya yi tsawo su da kansu za su yanka masa wani, kuma wanda suka yanka shi ne zai bi shi.

Baba Ɗanlami Fagge: Salamu alaikum. Jikata ce ke rubuta min, ni idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan. Yaro Nura, Allah ya yi maka albarka. Na sayar da kaset a Ƙofar Wambai tun ana yin na bidiyo mai kama da bulo, don haka bari in ba ka abin da na gani. Shi kansa sunan Kannywood da kake son ka gutsura, a gabanmu aka haife shi. Sunusi Shehu Daneji ne ya fito da shi a mujallar Tauraruwa a 1999, kan wani shafi ne kawai a cikin mujallar. Nollywood da ake ta ji sai a 2002 wata jaridar Amurka ta fara buga shi, mu muka riga su. Amma ka lura, ita mujallar da ta haifi sunan ba ta kira kanta da shi ba, Tauraruwa ta ce. Ta Ibrahim Sheme kuma da ta fito a shekarar nan ta 1999, harafi uku ya sa mata: Fim. Yaro ya zo rumfa ya ce a ba shi Fim, an gama magana. Masu wasan farko ma ƙungiyarsu Tumbin Giwa take, ka ji suna mai cika baki. Ba wanda ya ce musu 'yan ƙauye.

Nura Gwammaja: Allah ya ƙara girma Baba, na gode ƙwarai. Wallahi ban san Kannywood ta girmi Nollywood a suna ba. To in cire Kanny da Flix, in bar Arewa? Kamar Arewa Kallo ko Arewa Fim?

Lawali Maraɗi: Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri in sa baki daga wanga gefe na iyaka. Nura, in kana son mu ma mu ɗauki shafin namu ne, ka yi tunani bisa kalmar Arewa. Ku ne arewa a ƙasarku. Mu nan Maraɗi da Damagaram kudancin Nijar muke. Kuma a wurinmu in ka ce Arewa, wani yanki ne takamaimai, ƙasar Arawa wajen Dogon Dutsi. Mun san abin da kuke nufi, ba mu jin haushi, amma sunan yana gaya muna cewa baƙi muke. Alhali finafinan nan mu ma muna sayen su tun zamanin kaset, 'yan wasanku in sunka zo nan filin wasa cika yake.

Alhaji Zango Kumasi: Haka ne. Mu ma a nan Gana in an ce arewa, Tamale hankalinmu ke zuwa.

Khalifa: Kai jama'a, yanzu Arewa ma laifi ce?

Lawali Maraɗi: Ba laifi ba ce ɗan'uwa. Shawara ya nema, na ba shi tawa.

Anti Sadiya (admin): Ni ma wani abu nake gani game da Arewa, ban da na Malam Lawali. Ku rubuta ta a Facebook ku gani. Arewa kaza, Arewa kaza, masu labarai, masu atamfa, masu haɗa aure, 'yan siyasa, ba iyaka. Ka shiga cikinsu ka zama ƙwayar gero a buhu.

Nura Gwammaja: To na ji. A kawo na Hausa mu gani. Ni abin da ya zo min yanzu: Mu Kalla, A Sha Kallo, 'Yan Kallo, Ɗakin Kallo.

Injiniya Bash: Bari in yi musu gwajin adireshi, wato in haɗe su ba tazara, ba babban baƙi, kamar yadda za su fito a saman waya. Na farko mukalla. Rubuta shi a Google, birnin Mukalla na ƙasar Yemen ne zai cika maka fuska, da hotunan teku. Ba za ka ture gari guda mai tashar jirgin ruwa daga shafin farko ba. Na uku yankallo, alamar nan ta kan 'y ba ta shiga adireshi, sai ya koma kamar ana cewa a yanka allo.

Malama Hauwa Zariya: Na biyun ya fi ban dariya. ashakallo. Ni “assha, kallo” na fara gani, kamar wata tsohuwa ta leƙo ta ga abin da jikokinta ke kallo.

Anti Sadiya (admin): Malama kin kashe ni da dariya. Nura a binne wannan tun da rana.

Malama Hauwa Zariya: Tunda an zo nan bari in yi aikina na malamar Hausa. Rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti, sai mai karatu ya cike da kansa daga ma'anar jimla. A cikin jimla ba matsala. Amma suna shi kaɗai yake tsaye, ba jimlar da za ta tallafe shi. In ka rubuta fari, wanne kake nufi? Launi, ko rashin ruwan sama, ko na ido da 'yan mata ke yi? Sannan ga haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Yawancin mutane ba su da su a wayarsu, ko suna da su ba sa wahalar nemo su. Ƙura ta koma kura, baƙi ya koma baki. Wata ɗalibata ta taɓa son kiran shafinta Baƙin Allo, na ce rubuta shi ba lanƙwasa ki karanta min. Ɗakin Kallo ba zai sauya ma'ana ba in an rubuta dakin, amma kullum tambarinka da adireshinka za su riƙa saɓa wa juna, kuma ni irina zan riƙa jin haushin ganin d a inda ɗ take. Mafi sauƙi ka nemo kalmar da ba ta da ko ɗaya daga cikinsu tun asali.

Injiniya Bash: A fasahance ana iya yin adireshi da wasu haruffan da ba na Turanci ba, amma ba kowane mai rajista ke karɓa ba, kuma in ka turo shi a wasu manhajojin sai ya rikiɗe ya koma xn da wasu tarkacen baƙaƙe. Kada ka ma fara.

Lawali Maraɗi: Ku ƙara da c da u. Mu da munka yi lakwal, wato makarantar boko, da Faransanci, wanda zai rubuta ciki sai ya sa tchiki, u kuma ya sa ou. Har Hausa ma Haoussa muke gani a takardu. In sunan yana da c, ka raba mu biyu.

Nura Gwammaja: Ikon Allah. Ba ƙ, ba ɗ, ba ɓ, ba 'y, ba c, ba f. Haruffa nawa suka rage min?

Anti Sadiya (admin): Sun isa a raɗa wa ɗa suna.

Khalifa: Kallo kawai. Gajere, ba lanƙwasa.

Injiniya Bash: Akwai Kallo.ng, dandalin kallon fina-finan Hausa ne. An riga ka.

Baba Ɗanlami Fagge: To ga guda biyu daga tsoho, ku ɗauka ko ku bari. Na ɗaya Majigi. Ku yaran yanzu na'urar haska bango kawai kuka sani da wannan suna. Mu a wurinmu majigi mota ce ta gwamnati, ta zo ƙofar fada ko filin makaranta bayan magariba, a kafa farin ƙyalle, a nuna yadda ake noman gyaɗa da auduga da tsaftar rijiya, wani mutum yana fassarawa da lasifika. Kyauta ne, yara da mata da malamai kowa na zuwa, ba mai cewa ka yi abin kunya. Silima kuwa daban. Ita kuɗi ake biya, su Rex da Plaza da Orion da Wapa da Eldorado, kuma ɗan mutunci in zai shiga sai ya waiga hagu da dama. Na biyun shi ne sunan da mutanen gari suka fara kiran silimar da shi don tsoro da ƙyama: dodon bango. Wai ga wasu halittu suna motsi a jikin bango, suna magana, ba su da jiki.

Anti Sadiya (admin): Dodon Bango! Baba wallahi wannan ya shige ni.

Khalifa: Ni ma da nake ta jayayya, wannan na sallama. Har tambarin na gani a idona, ɗan dodo yana leƙowa ta bayan allo.

Injiniya Bash: dodonbango. Harafi goma, ba lanƙwasa, ba c, ba f. Yadda ka ji shi haka za ka rubuta. Kuma ya dace da shafin sharhi. Rotten Tomatoes da aka buɗe a 1998, ma'anar sunan ruɓaɓɓen tumatir, daga al'adar jifan ɗan wasan da bai iya ba a kan dandamali. Sunan tsiya suka ɗauka suka mai da shi abin alfahari, yau duk fim ɗin Amurka yana tsoron makin da za su ba shi.

Hajiya Turai: Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa ban ce komai ba, amma a nan sai na yi magana. Nura ɗana, ni 'yar kasuwa ce, ina sayar da atamfa da leshi, kuma irina ne za su fara ba ka talla, ba kamfanin Legas ba. Ina gaya maka gaskiya, ba zan sa hoton kayana a ƙarƙashin kalmar dodo ba. Suna linzami ne. Masu sayen kayana matan aure ne, wata mijinta zai ɗauki wayarta ya ga ta buɗe wani abu wai shi Dodon Bango, me za ta ce masa? Harkar fim a garin nan da ma a kan siraɗi take tafiya, kullum ana neman abin da za a ce. Kai kuma ka ɗauko sunan da masu ƙin ta suka raɗa mata ka manna a goshinka?

Khalifa: Hajiya ai wasa ne, kowa ya san ba dodon gaske ba ne.

Hajiya Turai: Kai ka sani. Kakarka ta sani?

Baba Ɗanlami Fagge: Hajiya ba ta yi ƙarya ba, ni da na kawo sunan ma na san da haka. Mahaifina ya ba ni labarin gobarar silimar El-Duniya a 1951, mutum sama da 300 suka rasu a ciki. Ya ce abin da aka yi ta faɗa a gari shi ne, wanda ya shiga gidan da aka kira duniya me yake jira. Har sunan gidan sai da aka sa a cikin hukuncin. Mutanenmu ba sa ɗaukar suna da wasa. Na faɗe shi ne don ku san yana nan, ban ce lallai a ɗauka ba.

Malama Hauwa Zariya: Ni ina tsakiya. A kunne, Dodon Bango ya fi duk abin da aka kawo, yana da kiɗa, o uku a ciki kamar ana buga ganga. Kuma yana da labari a bayansa, wanda duk ɗan jaridar da ya yi hira da Nura sai ya tambaya. Amma maganar Hajiya ta kuɗi ce, kuɗi kuma shi ke riƙe shafi. Majigi ya fi kwanciyar hankali, sai dai bai da yaji.

Lawali Maraɗi: Majigi a nan wani zai rubuta Madjigi, ku sani.

Sagir Mai Caji: Ni kuwa in kawo nawa? Bayan Kallo. Tunda ba fim ɗin zai sa ba, hirar da ake yi bayan an gama kallo ce. A rumfata ma haka ake yi, a kalla da dare, da safe a zo a yi ta musu wa ya kyauta wa bai kyauta ba.

Malama Hauwa Zariya: Sagir, wannan ba laifi fa. Har yana ɗan jan kunne zuwa ga “bayani”. Kuma yana faɗin gaskiyar abin da ke ciki.

Khalifa: Sai dai 'yan tsokana za su ce Bayan Gida.

Anti Sadiya (admin): Khalifa, Allah ya shirye ka. Amma ka faɗi gaskiya, ranar da ya soki shirin wani jarumi, magoya bayansa da wannan za su fara.

Barista Zainab: Ku gafarce ni na shigo a makare, ina kotu. Kowanne kuka zaɓa, Nura, ga abin da mutane ke rikitawa. Sayen adireshi a intanet daban, rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, daban, rajistar tambari kuma daban, ita a ofishin da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci ake yin ta. Samun ɗaya bai ba ka sauran ba. A CAC za ka fara neman a duba ko sunan yana nan, in an amince sai a ajiye maka shi kwana 60 ka kammala. Tambari in ya samu shekara 7 yake yi kafin a sabunta. Kuma don Allah ka nisanci sunan wani shiri ko tasha ko jarumi, ko da kana ganin girmamawa ce. Haka jingina da “flix” da jan harafi a kan baƙin fage irin na Netflix. Yau ba wanda ya san ka, ba wanda zai kula. Ranar da ka yi ƙarfi ita ce ranar da takarda za ta iso, lokacin kuma sauya suna ya fi ciwo.

Khalifa: Barista ai manya ma suna sauyawa.

Barista Zainab: Suna sauyawa, suna kuma shan wuya. HBO Max ta cire HBO a 2023 ta koma Max kawai, a 2025 ta dawo da sunanta na da. Netflix a 2011 ta ce za ta raba harkar faifanta ta kira ta Qwikster, mutane suka yi mata ca, ba a yi wata guda ba ta janye. Su suna da kuɗin yin kuskure. Kuma in suna ya riga ya kama baki ba ya saki: Bombay ta koma Mumbai tun 1995, har yau Bollywood ake cewa.

Nura Gwammaja: Na gode Barista. Injiniya, wutsiyar adireshin fa? Abokina ya nace sai .tv wai ya fi kama da harkar.

Injiniya Bash: .tv ta wata 'yar ƙasa ce a tsakiyar tekun Pasifik, Tuvalu, mutanenta ba su kai dubu 15 ba, suna samun kuɗin shiga da ita sosai. Tana da kyau a ido amma sabuntawarta duk shekara ta fi .com tsada, kuma da dala za ka biya. Ka san yadda dala take. Sannan ta sake dawo da kai matsalar KB, mutum zai zaci tasha ce. Ni shawarata ka kama .com in tana nan, don ita yatsan mutane ya saba da ita, ka haɗa da .com.ng wadda ke hannun NiRA, masu kula da adireshin intanet na Najeriya, da naira ake biya kuma ba ta da tsada. .ng zalla ta fi gajarta, ta kuma fi kuɗi. A rana ɗaya ka buɗe sunan a Facebook, Instagram, TikTok, YouTube da X, ko ba za ka sa komai ba tukuna.

Sai abu na ƙarshe, kuma da gaske nake. In ka yanke shawara kada ka faɗa a nan kafin ka biya. Mu fiye da ɗari biyu ne a zauren nan, ba kowa ka sani ba. Shekara biyu da suka wuce wani da nake wa aiki ya yi irin wannan neman shawarar a wani zaure, aka yi ta tafi, ya ce gobe zai turo min kuɗi in saya. Da safe na duba, wani ya riga ya kama adireshin cikin dare. Da muka neme shi sai ya yanka mana kuɗin da ya isa sayen babur. Ƙarshe sai da muka ƙara wa sunan wata kalma a gaba, har yau mai shafin yana jin zafin abin.

Anti Sadiya (admin): A zaurena dai ba ɓarawo, in sha Allahu. Amma Nura ka ji abin da aka ce.

Malama Hauwa Zariya: Kafin ka biya ka yi abu ɗaya. Ɗauki ukun nan, Majigi, Dodon Bango, Bayan Kallo. Ka faɗa wa mutum goma da baki, kada ka rubuta musu: mahaifiyarka, mai shayin layinku, ƙannenka mata, wani a Nijar in kana da shi. Ka ce su rubuto maka abin da suka ji. Gobe kuma ka kira su ka ce wanne suke tunawa.

Lawali Maraɗi: Turo min, ni da matata da yaran shagona mu huɗu ne.

Nura Gwammaja: An gama. Sai na dawo.

Nura Gwammaja: Salamu alaikum, na dawo da rahoto bayan kwana biyu. Mutum goma sha uku na gwada har da mutanen Malam Lawali. Majigi: biyu sun sa d kamar yadda ya faɗa, ƙanwata ta ce sunan ya yi mata kama da na maganin sauro. Bayan Kallo: kowa ya rubuta daidai, amma washegari mutum huɗu ne kawai suka tuna shi, ɗaya ma Bayan Fim ya ce. Dodon Bango: kowa ya rubuta daidai, kowa ya tuna. Mai shayinmu tun daga nesa yake kirana da shi yanzu. Amma da na faɗa wa Umma sai ta ce a'uzu billahi, ta tambaye ni ko lafiyata ƙalau. Na ba ta labarin da Baba ya bayar, ta yi shiru, sannan ta ce ita ma ta taɓa jin kakarta na faɗin haka, ta yi dariya. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Hajiya Turai: Shirun uwa magana ce, ɗana.

Khalifa: Dariyar uwa ma magana ce, Hajiya.

Nura Gwammaja: Mun zauna da abokina jiya har ƙarfe ɗaya na dare, mun tsayar da guda. Na bi shawarar Injiniya, ba zan faɗa ba sai kuɗi sun shiga an ba ni shaida. Abin da zan iya cewa, Hajiya, in kin ga tambarin ki sake dubawa kafin ki yanke hukunci a kan tallar atamfar.

Anti Sadiya (admin): Ai ka faɗa ke nan, Nura.

Nura Gwammaja: Ban faɗa ba Anti. Injiniya duba akwatinka, na turo maka.

Injiniya Bash: Na gani. Ba ni minti goma, kowa ya cire hannunsa daga waya.

Baba Ɗanlami Fagge: Jikata ta ce in tambaya, in an raɗa suna ina za a kawo mana ƙaurin ragon? Fagge ba nisa daga Gwammaja.

Nura Gwammaja: Baba har gida zan kawo, in kuma zauna ki ba ni, afuwan, ka ba ni labarin Ƙofar Wambai daga farko. Shi nake so ya zama rubutun farko a shafin.

KB Yaro: Oga har yanzu ban ga linkin ba. In an buɗe a sa min na Indiya mai faɗa.